Alayyahun bakin teku: gishiri bai kashe shi ba, gyaran ɗan Adam ya kusa ƙarar da shi

Duk macen da ke kasa ganye a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai, ta san halin alayyahu. In an yanko shi da asuba, kafin azahar ya yi laushi, sai an riƙa yayyafa masa ruwa, ana rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, kafin mai saye ya tsaya ya taya. Mai garka kuma ya san in ruwan rijiyarsa ya fara zartsi, ko ƙasa ta fara fitar da farin kanwa, to alayyahu zai tsumbure, ganyen ya ƙanƙance, kuɗin da aka sa wa rai su ragu.

To jama'a, wannan alayyahu namu yana da wani ɗan uwa can ƙetaren tekun Atlantika, a gaɓar gabashin ƙasar Amurka, wanda ya zaɓi zama inda ko ciyawa ba ta cika iya zama ba: tsakar rairayin bakin teku, inda iska ke fesa masa ruwan gishiri dare da rana. Masana tsirrai suna kiransa Amaranthus pumilus, mu kuwa bari mu kira shi alayyahun bakin teku. Babu shi ko'ina a duniya sai wannan gaɓa, kuma tun shekarar 1993 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin tsirran da ake tsoron ƙarewarsu. Gishiri da guguwa da ya saba fama da su tun fil azal ba su iya da shi ba. Abin da ya kai shi wannan hali shi ne ayyukan da mutane suka yi da sunan gyaran bakin teku.

Kamanninsa da mazauninsa

Wani masani mai suna Konstantin Rafinesk ne ya raɗa masa sunan da yake ɗauke da shi, a shekarar 1808. Kalmar farko ta sunan, wadda duk dangin alayyahu ke amsawa, daga harshen Girkanci take, ma'anarta abin da ba ya yanƙwanewa. Ta biyun kuwa Latinanci ce, ma'anarta wada. Sunan ya dace da shi, domin ba ya miƙewa sama kamar namu. Kwanciya yake yi a ƙasa yana yaɗo. Rassansa jajaye ne, masu kauri da ruwa a ciki. Ganyensa ƙanana ne, kore shar, masu sheƙi, kusan zagaye, da ɗan tsagu a baki, kowane bai wuce santimita 1 zuwa 2 da rabi ba, wato kamar farcen babban yatsa. A ƙarshen rassa ganyen ke taruwa. Yawancin tsirran sukan yi reshe 5 zuwa 20, su rufe fili kamar faɗin faifai. Wanda ya sami wuri mai kyau yakan kai faɗin mita guda ko fiye, da rassa sama da 100.

Ƴan kasuwarmu masu zuwa Kwatano da Lome sun san yadda teku take: ruwa ya cika ya hau tudu, ya janye, sau biyu a kwana guda. Can bayan iyakar da ruwa ke tsayawa akwai busasshen rairayi, bayansa kuma sai tuddai masu ciyawa. Wannan ɗan siririn fili da ke tsakanin iyakar ruwa da gindin tudu, shi ne gidan alayyahun bakin teku. In ya gangara ƙasa ruwa ya cinye shi, in ya hau sama ciyawa ta shaƙe shi.

A gaɓar gabashin Amurka akwai tsibirai dogaye, sirara, na rairayi zalla, jere a gaban ƙasa kamar shinge. Ba su zauna wuri guda ba. Kamar yadda tuddan rairayi ke tafiya a yankin Gure da Maine Sorowa, haka su ma iska da igiyar ruwa ke cin su ta wannan gefe suna tara su ta wancan. A kan waɗannan tsibirai ne tsiron ya fi yawa, musamman a ƙarshensu inda sabon rairayi ke taruwa, da wuraren da ambaliyar teku ta share ta bar fili fetal. A da ana samunsa a jihohi 9, tun daga Masacusat a arewa har Karolina ta Kudu.

Yadda yake zama da gishiri

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Abin da gishiri ke yi wa tsiro, kowace mai girki ta taɓa ganinsa da idonta. In kin yanka shu ko kokumba kin barbaɗa gishiri, jim kaɗan sai ki ga ruwa ya taru a gindin kwano, ganyen ya yi laƙwas. Gishiri janye ruwa yake yi zuwa inda yake. Haka yake yi wa saiwa a cikin ƙasa: ga danshi nan, amma saiwar ba ta iya sha, har ma ruwan jikinta ke fita. Wanda ya samu ya shige cikin tsiron kuma sai ya zame masa guba, ya ƙone bakin ganye. Shi ya sa cikin dukan tsirran duniya, kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai ke iya rayuwa a wuri mai gishiri sosai.

Alayyahun bakin teku yana da dabaru da yawa. Ta farko ita ce kaurin ganye da rassa. Ruwan da ya tara a jikinsa yana tsarma gishirin da ya shiga, kamar yadda ake ƙara ruwa a miyar da gishiri ya yi wa yawa. Ta biyu, bayan ganyensa yana da santsi kamar an shafa kakin zuma, abin da ke rage fitar ruwa, ya kuma kare shi daga feshin teku. Ta uku, kwanciyar da yake yi a ƙasa tana sa iska mai ɗauke da gishiri da tsakuwar rairayi ta fi wucewa ta samansa.

Akwai kuma wata baiwa da ya gada daga danginsa. Duk tsiro yana da ƴan ƙofofi a jikin ganye, waɗanda ido ba ya gani, da yake buɗewa ya shaƙi iskar da yake haɗa abincinsa da ita. Duk lokacin da ya buɗe su, ruwa na fita. Dangin alayyahu suna cikin tsirran da ke da hanyar haɗa abinci wadda masana ke kira C4, irin ta gero da dawa da masara. Masu wannan hanya ba su buƙatar buɗe ƙofofin sosai, don haka da ruwa kaɗan suke aiki mai yawa, kuma zafin rana ƙara masu ƙarfi yake yi. Abin da ya sa gero ke yi a jigawa, shi ya sa wannan tsiro ke yi a kan rairayin da ke ƙona tafin ƙafa.

Amma kada mai karatu ya ɗauka ruwan teku yake sha. Rairayin da yake tsirowa a kai ruwan sama na wanke shi, saiwar tana samun danshi mai dama. Feshin gishiri yake jurewa. In teku ta hau ta kwanta a kansa yana tsakiyar girma, mutuwa yake yi. Abincinsa kuma teku ce ke kawo masa. Rairayi ba shi da taki, amma igiyar ruwa tana jibge ciyawar teku da ɓawon dodon koɗi da tarkacen itace a iyakar da take tsayawa. In suka ruɓe, su ne takinsa, kuma su ne ke tare irinsa kada iska ta kwashe.

Inda ya fi rauni shi ne gasa. Tsiron da ya jure gishiri da zafi da bugun iska ba ya iya zama kusa da wata ciyawa mai daɗewa. Da zarar ciyawar tudu ta bazu ta kafa saiwa, sai ta ƙwace ɗan ruwa da takin da ke wurin, shi kuwa ya ɓace. Saboda haka kullum yana buƙatar sabon fili wanda ba kowa a kai. Mai share masa wannan fili kuwa ita ce guguwa.

Rayuwar shekara guda

Alayyahun bakin teku ba ya ganin shekara biyu. Irinsa yana tsirowa tsakanin watan Afrilu da Yuli, bayan sanyin ƙasar ya wuce. Yana ɗan ƙarami yake fara fure, wani lokaci tun cikin Yuni, galibi a Yuli. Furen ƙanana ne ƙwarai, masu ɗan rawaya, maƙale a jikin reshe, ba mai lura da su sai wanda ya durƙusa. Mace da namiji duk a jikin tsiro guda suke. Iska ce ke yi masa barbara, kuma tsiro ɗaya tilo yana iya yi wa kansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda sau da yawa yake tsirowa shi kaɗai, nesa da ƴan uwansa: ƙwaya guda in ta faɗa a sabon tsibiri ta isa ta kafa zuriya.

Daga Yuli ko Agusta yake fara zuba iri, kuma ba ya dainawa sai ranar da sanyi ko ambaliya ta kashe shi, wajen ƙarshen shekara. Babban tsiro yana ba da iri dubbai. Duk ƙarfinsa a nan yake zuba shi. Kamar ɗan kasuwar da ya san rumfarsa ta haya ce, ba ya kashe kuɗi wajen gini, jarinsa yake tarawa. Jarin wannan tsiro shi ne iri.

Irin kansa abin kallo ne. Baƙi ne mai sheƙi kamar na alayyahunmu, amma ya ninka shi girma: namu bai cika wuce milimita 1 ba, nasa yana kai 2 ko fiye. Kowace ƙwaya tana cikin ɗan kwanso mai laushi kamar soso, wanda ba ya fashewa da kansa. Kwanson na sa iska ta gangara da shi a kan rairayi, in ya faɗa ruwa kuma ya yi iyo. Ta haka yake ƙaura daga wannan tsibiri zuwa wancan. Wani irin kuma ba ya zuwa ko'ina, yana nan maƙale a jikin uwar har ta bushe rairayi ya binne su tare.

Irin ba ya gaggawar tsirowa. Binciken da aka yi a kansa ya nuna sai ya sha makonni cikin sanyi da danshi kafin ya farka. Da ba don haka ba, da ya tsiro a ƙarshen shekara sanyi ya kashe shi tun bai yi fure ba. Wanda aka binne da zurfi kuwa yana iya kwanciya shekaru yana jira, har ranar da wata guguwa za ta tone shi.

Kafin ya mutu yana barin wani aiki. Rassansa da ke kwance suna tare rairayin da iska ke ɗauka, rairayi ya taru, tsiron ya ƙara girma ta samansa. An ga babban tsiro guda ya tara ɗan tudu mai tsayin kusan santimita 60. A kan irin wannan tudu ciyawa mai daɗewa ke samun wurin kafuwa. Wato shi ke share wa wanda zai kore shi hanya, sannan ya ƙara gaba.

Ɓacewa da dawowa

A lokacin da aka sa shi cikin jerin kariya a 1993, ya riga ya ɓace a jihohi 6 daga cikin 9. Saura Niyok da Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu. A Masacusat da Rod Ailan rabon da a gan shi tun ƙarni na 19. A Niw Jazi ganin ƙarshe da aka yi masa a 1913 ne.

Sai kuma ya shiga ba masana mamaki. A watan Satumba na 1989 wata babbar guguwa da aka sa wa suna Hugo ta afka wa Karolina ta Kudu, ta yi ɓarna mai yawa, tsirran da ke can suka ragu ƙwarai. Shekara guda bayan haka, a 1990, sai ga shi ya bayyana a gaɓar Niyok, inda aka yi shekaru da dama ba a gan shi ba. A 1998 aka tsinci ƴan ƙwarori, da ba su kai yatsun hannu ba, a tsibirin Asatig na jihar Marilan, bayan fiye da shekara 30. A shekarar 2000 ya dawo Niw Jazi, bayan shekara 87, ya kuma ɓulla a Dalawaya. Barjiniya ta biyo baya.

Daga ina ya fito? Masana sun kasu. Wasu na ganin igiyar ruwa ce ta ɗauko irin daga kudu. Wasu na ganin daɗaɗɗen iri ne da ke binne, guguwa ta tono. Wasu kuma sun lura cewa a Niw Jazi ya fito ne a gaɓar da aka zuba wa sabon rairayi da aka zuƙo daga ƙarƙashin teku, suka ce wataƙila a cikinsa irin yake. Ko wanne ne gaskiya, darasin ɗaya ne: rashin ganin tsiron a sama ba ya nufin ya ƙare, muddin iri na nan kuma akwai fili.

Yawansa ma hawa da sauka yake yi kamar farashin albasa. A farkon shekarun 2000 an ƙirga fiye da tsiro 100,000 a jihar Niyok kaɗai. Cikin shekarun 2010 kuwa an yi shekarar da duk gaɓar baki ɗaya ba ta wuce ƴan dubbai kaɗan ba.

Garin gyaran gira

Hausawa na cewa garin gyaran gira a rasa ido. Bakin teku a Amurka wurin kuɗi ne. An gina otal-otal da gidajen hutu da hanyoyi a kan tsibiran nan masu tafiya, kuma wanda ya zuba dukiyarsa a gini ba ya son ƙasa ta motsa. Sai aka shiga kafa katangun siminti da jibga duwatsu don tare igiyar ruwa, aka miƙa dogayen ganuwoyi cikin teku don riƙe rairayi, aka tayar da tuddai da katafila aka dasa masu ciyawa.

Katangar siminti tana kare gidan da ke bayanta, amma busasshen rairayin da ke gabanta a hankali yake tafiya, har ruwa ya riƙa dukan katangar kai tsaye. Ɗan filin nan da ke tsakanin ruwa da tudu ya tafi ke nan. Ganuwar da aka miƙa cikin teku kuwa tana tara rairayi ta gefe guda, ta hana ɗaya gefen. Wanda ya san Lome ya ga irin haka: tun da aka gina tashar jiragen ruwa cikin shekarun 1960, rairayi ya taru ta yamma da ita, teku kuma ta shiga cin ƙasa ta gabas. Tuddan da aka dasa wa ciyawa su ma suna hana ambaliya share sabon fili. Tsiron da rayuwarsa ta dogara da ƙaura sai ya wayi gari ba masauki. In guguwa ta kashe na wannan tsibiri, babu na kusa da zai aiko da iri, babu kuma filin da irin zai sauka.

Sai shara. Masu zuwa hutu suna son rairayi fari tas, don haka a garuruwa da yawa tarakta ke jan babban manjagara da sassafe tana kwashe duk abin da teku ta zubar. Tare da tarkacen take kwashe takin tsiron, da irinsa, da ƴan jariran da suka fara fitowa. Sai motoci kat-kat na masu kamun kifi da masu yawon shaƙatawa. Rassan tsiron masu gautsi ne, taya guda ta isa ta murƙushe shi. Lokacin da yake girma kuwa shi ne daidai lokacin da jama'a suka fi cika bakin teku.

Yana da maƙiya na daji ma. Akwai tsutsotsi masu saƙa yana a jikin ganye suna cinye shi, cikinsu har da irin wadda ke addabar alayyahu a garaken Afirka. A tsibirin Asatig barewa da dawakan da ke yawo sake suna kiwonsa. Ga kuma ruwan teku da ke ƙara hawa saboda ɗumamar duniya. A gaɓar da ba a taɓa ba, in ruwa ya hau, rairayi sai ya ja da baya, tsiron ya bi shi. Inda aka yi gini kuwa babu wurin ja da baya.

Igiya da turaku

Dokar Amurka ta kare halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta shekarar 1973, ita ce ta ba shi kariya, kuma a 1996 hukumar kula da kifaye da namun daji ta ƙasar ta fitar da tsarin farfaɗo da shi. Mafi yawan abin da aka yi ba mai tsada ba ne. Ana kafa turaku a ɗaura igiya a kewaye wani yanki na rairayi, a hana mota da tarakta da ƙafa shiga. Tun farko ma wani ɗan tsuntsun bakin teku mai yin ƙwai a kan rairayi aka fi yi wa irin wannan shinge, sai aka lura alayyahun yana fitowa a ciki, ya ci albarkacin maƙwabcinsa.

A Asatig, bayan tsintuwar 1998, an ɗebi iri an rene shi, aka dasa dubban tsirrai a farkon shekarun 2000, aka riƙa kifa wa wasu kejin waya don kare su daga dabbobi. A Niw Jazi, hukumar kare muhalli ta jihar ta sanar cewa an ƙirga tsiro 7,195 a 2019, alhali a 2018 guda 1,053 aka samu, ta kuma danganta wannan ƙaruwa da filayen da aka keɓe. Wannan bai sa an cire shi daga jerin kariya ba, domin guguwa guda na iya share ƙidayar shekara. Amma ya nuna tsiron bai buƙatar ban ruwa ko taki daga hannun kowa. Wuri kawai yake so a bar masa.

Me ya haɗa shi da tiren mai ganye?

Mai karatu na iya cewa, to mu da ko teku ba mu da ita, ina ruwanmu da ciyawar Amurka? Zumunta ta farko ta jini ce. Alayyahun da ake nomawa a garakenmu shi ma asalinsa daga nahiyar Amurka yake. Mutanen Meziko da maƙwabtansu sun daɗe suna noma shi don ƙwayarsa tun kafin Turawa su isa can, daga baya ya ƙetaro Afirka ya zama ganyen miya. Da shi, da rukuɓun da ke fitowa da kansa a bayan gida da damina, da wannan na bakin teku, duk gida ɗaya ne.

Ta biyu ita ce gishiri. A rahoton da ta fitar a ƙarshen 2024, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan hekta miliyan 1,400 na ƙasa a duniya gishiri ya taɓa su, wato fiye da kashi 10 cikin 100 na doron ƙasa. Ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sama, inda ake noman rani, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Kowane ruwan ban garka yana ɗauke da ɗan gishiri. Rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna, bana kaɗan baɗi kaɗan, har ƙasa ta yi fari. Manoman fadamun da ke da kanwa ba sai an ba su labari ba. In garka ta mutu, mai sarin ganye da mai kasawa su ne na farko da za su ji a aljihu.

Masu kyautata iri, in suna neman wani hali da amfanin gona ya rasa, wurin danginsa na daji suke zuwa. Ga misali daga cikin wannan babban dangi na alayyahu. Beterab da ake sayarwa a kasuwanninmu, da ɗan uwansa fari da ake tatsar kusan kashi 1 cikin 5 na sukarin duniya daga gare shi, dukansu jikokin wani tsiron daji ne da ke fitowa a bakin tekun Turai. Da wata cutar saiwa ta addabi gonakin beterab ɗin sukari, cikin wuraren da aka samo halin jure mata har da wannan kakan nasu na bakin teku. Da an bar shi ya ƙare, da an rufe wannan ƙofa.

Alayyahun bakin teku bai kai ga ba da irin wannan gudunmawa ba tukuna, kuma haɗa shi aure da na garka aiki ne mai wuya. Amma masana sun daɗe da sa ido kan girman ƙwayarsa da juriyarsa, shi ya sa aka adana irinsa a rumbun iri na ma'aikatar noma ta Amurka da ke garin Ems na jihar Ayowa, tare da dubban ire-iren alayyahu da aka tattaro daga sassan duniya. Sai dai irin da ke cikin sanyin rumbu tsayawa yake yi yadda aka ajiye shi. Wanda ke kan rairayi shi ne ke ci gaba da gwabzawa da gishiri da zafi, kowace shekara mai ƙarfi ya tsira ya bar zuriya.

Haka abin yake a garakenmu. Tsohuwar da ke barin ƴan kawunan alayyahu su ƙosa, ta shanya, ta murje, ta ɗaure a tsumma ta rataye har wata shekara, irin da ya saba da ƙasarta da ruwan rijiyarta take ajiyewa, kuma ba a samun wannan a cikin ƴar ledar kanti. In an ga tana haka, a taya ta, a kuma karɓi kaɗan a ajiye.